Wane ne "sabon marubuci"? Fashin baƙi kan kyaututtukan littafin farko

A shekarar 1935 wani marubuci kuma mai mujalla a Japan, Kikuchi Kan, ya kafa kyautar Akutagawa don tunawa da abokinsa, marigayi marubuci mai wannan suna, ya ce ta masu tasowa ce a fagen rubutu. Cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a karon farko akwai wani matashi mai suna Dazai Osamu, wanda bashi ya yi wa katutu. Bai samu ba. Abin ya tsaya masa a rai har ya riƙa aika wa wasu daga cikin alƙalan gasar dogayen wasiƙu, yana roƙon su dubi halin da yake ciki su ba shi. Ba su ba shi ba har ya bar duniya a 1948. Yau littattafansa na cikin waɗanda aka fi karantawa a ƙasar. Haruki Murakami ma sau biyu yana shiga takarar wannan kyauta, sau biyun ana tsallake shi. Amma kada a yi saurin yi wa alƙalan dariya, domin su ne suka ɗauko Kenzaburo Oe a 1958 yana ɗalibin jami'a, ga shi a 1994 ya karɓi Nobel.

Wannan canki-canka shi ne ainihin halin kyautar littafin farko a ko'ina take. Manyan kyaututtuka irin su Nobel baya suke waiwaya: mutum ya shekara talatin ko arba'in yana aiki, an tara an auna, sai a ce ga ladanka. Ita kuwa kyautar sabon marubuci gaba take hange. Abin da ke hannun alƙali littafi ɗaya ne tak, amma hukuncin da yake yankewa ya shafi littattafan da ba a rubuta ba tukuna. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka ne, sai dai a harkar rubutu Laraba ta sha yaudarar mutane.

Me ya sa tun farko aka ware wa sababbi tasu kyautar? Dalilin na kasuwa ne kafin ya zama na adabi. Mai sayen littafi suna yake bi. Mai kanti ma haka, yana da kanta ƙayyadaddiya, ya fi son ya jera wanda ya san zai tafi. Mai sharhi a jarida littattafai ne jibge a gabansa, ga shafi ɗaya aka ba shi. Wanda ya fito jiya ba shi da abin da zai ja ido da shi, in kuma aka haɗa shi gasa ɗaya da waɗanda suka yi gashin baki a fagen, galibi a zagayen farko ake zubar da shi. Akan samu wanda ya keta. Arundhati Roy ta ci Booker, babbar kyautar ƙagaggen labari ta Birtaniya, a 1997 da littafinta na farko, Aravind Adiga ya ci a 2008, Douglas Stuart ya ci a 2020 bayan kamfanonin ɗab'i fiye da 30 sun mayar masa da rubutunsa. Amma yadda ake ta maimaita waɗannan sunaye shi ke nuna cewa abin ba kullum ba ne. Shi ya sa aka buɗe wa sababbi filinsu: PEN/Hemingway a Amurka, wadda matar Ernest Hemingway, Mary, ta kafa a 1976, ɓangaren littafin farko na kyautar Goncourt a Faransa, kyautar John Leonard ta ƙungiyar masu sharhin littattafai ta Amurka, wadda ta fara da littattafan 2013, da wasu da dama.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "farko". Kalma ce mai sauƙi a baki, amma duk wanda ya taɓa zama ya karanta ƙa'idojin irin waɗannan gasa ya san babu biyu da suka fassara ta iri ɗaya.

A ɗauki Junot Díaz. A 2007 ya karɓi kyautar dogon ƙagaggen labari na farko a New York, alhali tun 1996 ya fitar da tarin gajerun labarai da suka yi masa suna. Shekara 11 yana cikin sanannu, amma a takarda sabo ne, domin bai taɓa fitar da dogon labari ba. George Saunders ya fi shi ma: ya shekara sama da ashirin ana koyar da gajerun labaransa a jami'o'i kafin dogon labarinsa "na farko" ya ci Booker a 2017. A ɗaya gefen kuma, Jhumpa Lahiri da tarin gajerun labarai ta ci PEN/Hemingway a 2000, lokacin da ƙofar ke buɗe ga kowane irin ƙagaggen labari. Daga baya aka taƙaita kyautar ga dogon labari, gajerun labarai suka koma wata kyautar dabam. Sai Kamel Daoud na Aljeriya, tsohon hannu a aikin jarida, wanda littafinsa ya fara fitowa a ƙasarsu a 2013, aka sake buga shi a Faransa a 2014, sannan a 2015 aka ba shi Goncourt ta littafin farko. Ashe wani lokaci "farko" na nufin ranar da babban birni ya fara ganinka.

Yanzu a kwatanta da wata malamar makaranta mai shekara 47. Ta gama dogon labarinta, wani ƙaramin kamfani ya buga, editanta ya zauna cike takardar shiga gasa. Ya zo layin da ake tambaya ko marubucin ya taɓa wallafa wani littafi, sai ya kira ta. Ta yi shiru, sannan ta tuna: shekara goma sha biyar da suka wuce ta tara wasu waƙoƙi ta kai an buga mata kwafi ɗari biyu da kuɗinta, ta rarraba wa 'yan uwa da abokan aiki, sauran suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. A wata gasar wannan ba komai ba ne, tunda waƙa dabam labari dabam. A wata kuwa, wadda ta ce littafin farko a kowane fanni, wannan kwalin ya isa ya fitar da ita. Díaz da sunansa ya shige, ita da ba wanda ya san ta ta maƙale. Ba wai wani ya yi nufin zalunci ba. Duk inda aka ja layi dole wani ya faɗo a bayansa. Amma yana da kyau mai karatu ya san cewa tambarin zinariyar da ke bangon littafi ba ya gaya masa ko wanne irin "sabo" ake nufi.

Akwai kuma wani abin mamaki da ke sa kalmar ta yi tsada. Tun farkon shekarun 2000 manyan kamfanonin ɗab'i a Amurka da Birtaniya ke iya duba alƙaluman cinikin kusan kowane littafi a kwamfuta. Marubucin da ya fitar da biyu ba su tafi ba, tarihinsa na bin sa kamar inuwa: kafin edita ya karanta shafin farko na na uku, sashen kasuwanci ya riga ya ga lambobin. Sabo kuwa ba shi da lambar da za a kama shi da ita, kowa na iya yi masa mafarkin da ya ga dama. Don haka rashin tarihi ya zama jari, har wasu marubuta kan sauya suna su sake fitowa a matsayin baƙi. Fitaccen misali shi ne na 2013, lokacin da aka tallata littafin wani Robert Galbraith a matsayin na farko, ya samu yabon masu sharhi da ciniki daidai gwargwado, kafin a watan Yuli asiri ya tonu cewa J.K. Rowling ce. Cikin kwanaki ya haye saman jerin waɗanda aka fi saya. Rubutun bai sauya ko da waƙafi ɗaya ba.

Batun shekaru shi ne ya fi ba ni haushi, kuma ba zan ɓoye ba. An daɗe ana cakuɗa "sabo" da "matashi" kamar abu ɗaya ne. Kyautar Betty Trask a Birtaniya ta 'yan ƙasa da shekara 35 ce. Kyautar Yuva Puraskar da hukumar adabin Indiya ta fara a 2011, wadda ta game harsuna 24, ita ma a 35 ta tsaya. Ta Dylan Thomas ta kai 39, saboda a wannan shekarun mawaƙin ya rasu. To amma wa ke samun sararin gama littafi kafin 35? Galibi wanda ba ya ɗauke da nauyin kowa, ko wanda wani ke ɗauke da nasa. Mace mai goyo da aikin ofis, ko wanda ƙannensa ke jiran albashinsa, sai rayuwa ta ɗan lafa yake samun tebur da shiru. Toni Morrison tana da shekara 39 littafinta na farko ya fito a 1970, tana aikin edita tana renon yara biyu. Penelope Fitzgerald sai da ta kai 60 ta fitar da ƙagaggen labarinta na farko, bayan shekara biyu kuma ta ci Booker. An fara gyara wannan, a gaskiya. Ƙungiyar marubutan Birtaniya da ke kula da Betty Trask ita ce kuma ke bayar da McKitterick ga wanda ya haura 40, ta kuma fito da ta tunawa da marubuci Paul Torday ga mai 60 zuwa sama. Akutagawa ma, da ba ta sa iyakar shekaru ba, ta ba Risa Wataya tana da 19 a 2004, ta kuma ba Natsuko Kuroda tana da 75 a 2013. Na fi ganin hikimar wannan tsarin: a dubi rubutun, a bar takardar haihuwa a aljihun mai ita.

Duk wannan a ɓangaren ƙagaggen labari ne ya fi fitowa. Idan aka koma rubutun gaskiya, wato tarihi, binciken jarida, kimiyya, labarin rayuwa, sai a tarar da wata duniya dabam, tun daga yadda littafin ke zuwa duniya. Mai ƙagaggen labari na farko sai ya gama rubutu tsaf kafin dillalin marubuta ko edita ya saurare shi. Shekarun da ya kwashe, shi ya ɗauki nauyinsu. Mai rubutun gaskiya kuwa yawanci tsari yake sayarwa: bayanin abin da littafin zai ƙunsa, jerin babi-babi, da babi ɗaya ko biyu na ɗanɗano. Idan kamfani ya amince, sai a ba shi kafin alƙalami ya tafi ya yi aikin. Aikin kuma na cin kuɗi: tafiye-tafiye, zama a ɗakunan adana takardu, hira da mutane, wata da watanni ba albashi. Sau da yawa kafin alƙalamin kan ƙare littafin bai kai rabi ba.

Haka kuma "sabo" a nan ba safai yake zama ɗan koyo ba. Philip Gourevitch, wanda ya fara cin kyautar littafin farko ta jaridar Guardian a 1999 da littafinsa kan kisan ƙare-dangin Ruwanda na 1994, gogaggen ɗan jarida ne. Siddhartha Mukherjee, da ya ci a 2011 da tarihin cutar daji, likitan cutar ne da kansa. Frank McCourt sai da ya yi ritaya daga koyarwa a New York sannan ya rubuta labarin talaucin ƙuruciyarsa a Ireland, ya fito a 1996 yana da shekara 66, ya ci kyautar Pulitzer ta Amurka a shekara mai bi. Irin waɗannan sun kawo ilimin rayuwa guda ne suka zuba a littafi ɗaya. Wasunsu ma ba su da niyyar yin na biyu.

Ita kyautar Guardian ɗin gwaji ce mai ƙarfin hali, domin ta zuba kowa a kwando ɗaya: fam 10,000 ga littafin farko mafi kyau, ko ma wane iri ne. Bayan Gourevitch sai Zadie Smith da dogon labari a 2000, sai Chris Ware da labarin zane a 2001, sai Petina Gappah ta Zimbabwe da gajerun labarai a 2009, aka rufe da mawaƙi Andrew McMillan a 2015. Kyautar John Leonard ma haka take tafiya: Yaa Gyasi ta ci da ƙagaggen labari, Sarah Broom ta ci da labarin gidansu a New Orleans. Masu suka na cewa wannan gwada tsawon raƙumi ne da nauyin giwa. Da wane ma'auni za ka ce tarin waƙoƙi mai shafi sittin ya fi tarihin cuta mai shafi ɗari biyar? Suna da hujja. Amma ni ina ganin haɗawar ta fi kusa da abin da ake nema tun asali. Idan tambayar ita ce wace sabuwar murya ce ta fi cancanta a saurara a bana, to fanni ba shi ne abin dubawa ba. Kuma haɗawar na tilasta wa alƙalai su karanta rubutun gaskiya a matsayin rubutu, su duba jimla da tsari da murya, maimakon su tsaya ga muhimmancin batun kawai. Wannan tarko ne babba: littafi kan yaƙi ko annoba kan sa alƙali jin kunyar cewa bai rubutu da kyau ba.

Wata dabara da ta fi dacewa da matsalar rubutun gaskiya ita ce a ba da kuɗin tun littafin yana hanya. Ƙungiyar adabi ta Royal Society of Literature a Birtaniya na yin haka tun 2004, da farko da sunan Jerwood, daga 2017 kuma da sunan Giles St Aubyn: wanda ya samu kwangilar littafinsa na gaskiya na farko, bai gama ba, shi ake tallafa wa. Babu biki mai ƙyalƙyali sosai, babu tambarin da zai sayar da littafi a kanti, amma kuɗin na zuwa a lokacin da ake bukatarsa.

Sai matsalar da ta keɓanta da wannan ɓangare, wato gaskiyar kanta. Alƙalan gasa masu karatu ne, ba masu binciken ƙwaƙwaf ba, kuma sabon marubuci ba shi da tarihin da za a gwada maganarsa da shi. A 1995 wani mai kiran kansa Binjamin Wilkomirski ya fitar da labarin ƙuruciyarsa a sansanonin 'yan Nazi. An fassara shi zuwa harsuna da yawa, ya karɓi kyaututtuka a Amurka da Turai. A 1998 wani ɗan jarida, Daniel Ganzfried, ya bi diddigi ya gano cewa a Suwizalan aka haifi mutumin, a can kuma ya yi ƙuruciyarsa lokacin yaƙin. A Ostareliya ma an yi makamancin haka da Helen Demidenko, wadda ta ci kyautar Vogel ta matasa a 1993 da Miles Franklin a 1995. Nata ƙagaggen labari ne, amma ta tallata shi da cewa ita 'yar asalin Yukren ce mai ba da labarin danginta. Daga baya aka gano sunanta Darville, iyayenta daga Ingila suka zo. A duka biyun, labarin marubucin ya taya littafin cin gasa. Wannan rauni ne da kyautar littafin farko ta fi kowace fama da shi, domin idan ba a san ka ba, abin da aka faɗa game da kai kan yi nauyi daidai da abin da ka rubuta.

Yadda littafi ke isa gaban alƙalai ma abin lura ne, ko da a taƙaice. A yawancin gasa kamfanin ɗab'i ne ke shigar da littafi, ba marubuci ba. Akwai kuɗin shiga a wasu, akwai kwafin da za a aika, wasu kuma ba sa karɓar wanda ya buga da kansa. Babban kamfani yana da ma'aikacin da aikinsa ke nan. Ƙarami kuwa mutum ɗaya ne edita, shi ne mai talla, shi ne mai kai kaya gidan waya. Ga kuma shingen harshe: mafi yawan kyaututtukan da ake jin amonsu a duniya na masu rubutu da Ingilishi ko Faransanci ne, ko wanda ya yi sa'a aka fassara shi. Don haka in an ce "gwarzon sabon marubuci na bana", abin da ake nufi shi ne gwarzo a cikin waɗanda suka iya kaiwa bakin ƙofa. Akwai ma wanda ya kai ya juya: a 2016 Joseph Andras ya ƙi karɓar Goncourt ta littafin farko, yana mai cewa gasa da rige-rige ba su da alaƙa da yadda ya fahimci rubutu.

Bayan an tafa an watse, sai littafi na biyu. Na farko an rubuta shi a ɓoye, ba wanda ke jira, an yi shekara goma ana gyara. Na biyu kuwa da wa'adi, da idon jama'a, da gayyatar taro iri-iri masu cinye lokacin rubutun. Ralph Ellison ya girgiza Amurka da littafinsa na 1952, ya rayu har 1994 bai kammala na biyu ba. Roy sai bayan shekara 20 ta fitar da ƙagaggen labari na biyu. Saboda haka kyautar da ta san aikinta ba ta tsayawa ga miƙa cek. A nan ne kyautar Etisalat, da aka kafa a 2013 don littafin farko na marubutan Afirka, ta yi abin a yaba. Ban da fam 15,000, kamfanin kan sayi kwafi 1,000 na kowane littafi cikin ukun ƙarshe ya rarraba wa makarantu da ɗakunan karatu, wanda ya ci kuma a tura shi Jami'ar East Anglia ya samu lokaci da jagora don aiki na gaba. Ga ƙaramin kamfanin ɗab'i, cinikin kwafi dubu a tashi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. NoViolet Bulawayo ce ta fara ci, sai Songeziwe Mahlangu, sai Fiston Mwanza Mujila, sai Jowhor Ile.

Sai dai kyautar da ke rataye a wuyan kamfani, ranar da kamfanin ya yi tuntuɓe ita ke fara faɗuwa. A 2017 rikicin bashi ya sa Etisalat ta Najeriya ta koma 9mobile, aka sauya wa kyautar suna, sai a 2019 aka sanar da cewa Ayobami Adebayo ce ta ci, daga nan kuma shiru. Ba ita kaɗai ba. Ta ƙungiyar Commonwealth, wadda ta ɗaga Chimamanda Adichie a 2005, an naɗe tabarmarta bayan 2013, aka bar gasar gajerun labarai kawai. Guardian ta rufe tata bayan ta 2015. Kyautar Costa ta Birtaniya, da ke da ɓangaren littafin farko tun tana amsa sunan Whitbread, ta tsaya a 2022. Waɗanda suka daɗe su ne masu gidauniya ko wasiyya a bayansu. Akutagawa har yau sau biyu ake bayar da ita a shekara, Janairu da Yuli, da agogon aljihu da yen miliyan 1. Ita kuwa Betty Trask, mace ce mai gudun jama'a da ta rubuta labaran soyayya fiye da 30 waɗanda da wuya ka samu mai karanta su yanzu. Ta rasu a 1983 ta bar dukiyarta ga marubutan da ba ta taɓa gani ba, kuma tun 1984 ake ɗiba daga ciki kowace shekara ana ba wani da ya gama littafinsa na farko.